Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Tanadin Magidanci Kafin Aukuwar Bala'i

Gabatarwa

A daren Litinin, 9 ga watan Satumba na shekarar 2024, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, kafin gari ya waye ruwa ya mamaye babban sashe na birnin Maiduguri. Ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'a, ya rushe katangar gidan yari, ya kuma tarwatsa namun dajin da ke gidan ajiyarsu. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, da yawa daga cikinsu ba su tsira da kome ba sai tufafin da ke jikinsu. Shekara 30 kafin wannan rana, watau a 1994, ruwan wannan madatsa ya taɓa yi wa birnin irin wannan ɓarna.

Maganar wanda ke da alhakin lalacewar madatsa magana ce babba, kuma tana da nata wurin. Abin da wannan maƙala ta sa a gaba ya fi wannan kusa da ƙofar ɗaki. Idan magidanci mai iyali takwas ya wayi gari a kan tudu, ruwa ya raba shi da gidansa da kasuwa da asibiti, me yaransa za su sha? Me za su ci kafin taimako ya iso? Ina maganin tsohuwarsa mai hawan jini, ina kuma takardar shaidar gidan da ruwa ya cinye? Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, amsar waɗannan tambayoyi tana wuyan kowane magidanci da uwargidansa tun kafin ranar ta zo, kuma ajiye ɗan abin da zai riƙe iyali na 'yan kwanaki wajibi ne a kan mai hali da maras hali, kowa daidai ƙarfinsa.

Tanadi a Al'adar Bahaushe

Duk ɗalibin harshe ya san cewa al'umma ba ta tara kalmomi a kan abin da bai dame ta ba. Bahaushe yana da tanadi, watau shirya abu tun kafin bukatarsa ta taso. Yana da tattali, watau lallaɓa abin da ke hannu don ya daɗe. Yana da ajiya, da asusu, da adashi, sa'an nan yana da guzuri, wanda shi ne tanadin matafiyi. Kowace kalma daga cikin waɗannan da irin nata aikin, kuma yawansu shaida ce cewa magabata sun zauna a ƙasar da damina ɗaya ce tak a shekara, in ta ɓaci sai wata.

Sun kuwa ɗanɗani ɓacinta. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a wurare da dama ake kira Kakalaba, ta hallaka jama'a masu ɗimbin yawa a ƙasar Hausa. Bayanta aka yi ta 1927 wadda aka laƙaba wa sunan buhu, aka yi farin 1972 zuwa 1974 wanda ya ƙarar da dabbobi daga Senigal har Chadi, aka sake yin wani a 1983 zuwa 1984. Tsofaffi da yawa da waɗannan shekaru suke lissafin haihuwarsu, domin yunwa ba ta fita daga ran wanda ya gan ta. A irin waɗannan lokuta ne aka ci tafasa da yaɗiya da anza, aka sussuka ƙarangiya aka yi tuwo da ita.

Saboda haka gidan Bahaushe na da, gida ne da aka gina a kan tanadi. Rumbu yana tsaye a kan duwatsu don kada danshi da gara su kai ga hatsi, gero da dawa kuma a zangarniyarsu ake zuba su, domin haka suka fi jure wa ƙwari, har su shekara biyu ko fiye ba su lalace ba. Wake a cikin toka ko yashi ake adana shi. In kaka ta wuce maigida ya liƙe babban rumbu, samari su tafi cin rani don a rage bakin ci, ba za a buɗe ba sai damina ta faɗi, lokacin da aikin gona ke bukatar ƙarfi hatsi kuma ya yi tsada. Uwargida a nata ɓangare tana da busasshiyar kuɓewa da kuka da karkashi da daddawa da kanwa, tana da randa cike da ruwa, tana da akuya ko tunkiya a turke wadda ita ce bankinta ranar da ta ɓaci. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, ba wanda madugu zai yarda ya bi ayari ba da guzurinsa ba. Daga irin wannan rayuwa ce aka sami karin maganar nan mai cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda Rumbu Ya Fita Daga Gida

Zaman birni ya sauya wannan tsari gaba ɗaya. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ba shi da gona balle rumbu, sau da yawa ma ɗaki biyu yake haya a gidan da ba shi da ko tsakar gida ta kirki. Shagon bakin layi ya zama rumbunsa, ɗan garuwa ya zama rijiyarsa, katin banki ya zama asusunsa. Kullum safiya a ba da cefane, a auno kwano ko rabin kwano, a sayi mai na cokali, a dafa a cinye, gobe ma haka. Muddin kasuwa tana ci, hanya tana buɗe, waya tana aiki, wannan tsari ba ya nuna aibinsa.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna cewa kowane ɗaya daga cikin waɗannan ginshiƙai yana iya faɗuwa dare ɗaya. A watan Afrilu na 2020 aka kafa dokar hana fita a Kano saboda annobar korona, aka rufe kasuwanni, gidaje da yawa suka ga tukunyarsu ta kife tun a kwanakin farko. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, mai jiran ɗan'uwansa ya turo masa kuɗi ya rasa ta inda zai ji labarinsa. A farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, mutum yana da kuɗi a banki amma ya kasa samun takardar da zai sayi kwanon masara. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya kasance fari ko ambaliya, amma dukkansu sun sa mutane sun kwana da yunwa alhali abinci yana jibge a cikin gari. Gidan da yake da hatsin mako biyu da 'yan kuɗi a hannu ya wuce su da sauƙin da maƙwabcinsa bai samu ba.

Bala'i Mai Sallama da Maras Sallama

A nan akwai wani bambanci da ya kamata a lura da shi, domin a kansa sauran maganar ta dogara. Fari bala'i ne mai sallama. Manomi yana ganin alamunsa tun daga jinkirin ruwan shuka, yana kallon yabanya tana ƙonewa, yana da watanni na yin dabara. Rumbu da turke an yi su ne domin irin wannan bala'i, wanda yake samun mutum a gidansa ya daɗe tare da shi. Ambaliya da gobara da tarzoma kuwa ba sa sallama, kuma sau da yawa korar mutum suke yi daga gidan da ya yi ajiyar a ciki. Rumbu cike da gero ba ya amfanar wanda ruwa ya kai masa wuya.

Irin wannan bala'i na biyu shi ne ya yawaita a wannan zamani. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle a Jihar Kano. A 2010 ruwan Goronyo ya mamaye garuruwa a Jihar Sakkwato, har gadar da ke kaiwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta karye. A 2012 ambaliyar da ta biyo kogunan Binuwai da Kwara, bayan an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ta kashe mutum 363 bisa ga lissafin hukuma, ta raba fiye da miliyan 2 da muhallinsu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600, Jihar Jigawa kuma tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. A 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Damagaram mai fiye da shekara ɗari da hamsin. A ranar 29 ga Mayu, 2025, ruwa ya auka wa garin Mokwa da asuba, ya tafi da rayuka fiye da 150. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: ruwan sama mai sauka da yawa cikin ɗan lokaci, da madatsun da suka tsufa yashi ya cike su, da gine-gine a kan hanyar ruwa, da magudanan da leda ta toshe.

Daɗin daɗawa, ambaliya ta fi zuwa a watannin Agusta da Satumba, daidai lokacin da hatsin bara ya ƙare sabo bai nuna ba, farashi kuma yana ƙololuwarsa. Watau tana samun gida a lokacin da ya fi rauni. Saboda haka magidancin wannan zamani yana bukatar tanadi iri biyu, kuma duka biyun ya gaje su daga kakanninsa: tanadin zama irin na mai rumbu, da tanadin tafiya irin na bafatake.

Tanadin Zama

Tanadin zama shi ne abin da zai riƙe iyali in an rufe kasuwa, ko hanya ta yanke, ko an hana fita. Farkonsa ruwa, domin mutum yana iya yin kwanaki da yawa ba ci, amma ba ya wuce 'yan kwanaki ƙalilan ba sha. Masana aikin agaji sun ƙiyasta cewa kowane mutum yana bukatar kimanin lita 3 a rana don sha kawai, in kuwa an haɗa da girki da tsafta to lita 15. Gida mai mutum takwas ke nan yana shan lita 24 a yini, watau jarka ɗaya mai cin lita 25. Jarka uku a rufe, a ɗora su a kan wani abu mai tudu, sun ishi wannan gida sha na kwana uku. Sai dai a riƙa juye su ana sake cikawa a kai a kai, don kada ruwan ya daɗe ya canza.

Abin da ya sa maganar ruwa ta fi kowace muhimmanci shi ne, in ambaliya ta zo masai yakan cika ya tumbatsa, ƙazantarsa ta gangara cikin rijiyoyi, daga nan sai amai da gudawa su biyo baya. Sau da yawa wannan cuta takan ɗauki waɗanda ruwan ya bari. Alif da garin 'ya'yan zogale suna kwantar da laka ruwa ya yi garau, amma ba su isa su kashe ƙwayoyin cuta ba. Sai an tafasa ruwan, ko an sa masa maganin tsarkake ruwa bisa ga ƙa'idar da aka rubuta a jikinsa. Ya kamata kuma kowace uwargida ta haddace haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, da sukari cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi. Wannan ɗan haɗi yana riƙe ran yaro mai gudawa kafin a kai shi asibiti.

Bayan ruwa sai abinci. Abin nema shi ne hatsin da zai kai gida mako biyu, gero ko dawa ko masara ko shinkafa, da wake, da mai, da gishiri, da busassun kayan miya. Lokacin sayensa kaka, sa'ad da yake araha. Matsalar ƙwari kuma an sami saukinta, domin akwai buhu mai ruɓi uku wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro musamman saboda wake. In an ɗaure shi tamau iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su mutu ba tare da an zuba guba ba. Jarka busasshiya mai murfi, in an cika ta har baki an toshe, ita ma tana yin wannan aiki. A ɗora kayan a kan katako ko bulo, nesa da ƙasa da jikin bango, a riƙa ci daga tsohon ana mayar da sabo. Lalle ne kuma a tanadi abin da za a ci ba sai an hura wuta ba, domin ranar da itace ya jiƙe buhun shinkafa ba ya hana yaro kuka. Garin rogo da ƙuli-ƙuli da sukari, da soyayyiyar gyaɗa, da dabino, da kilishi ga mai hali, duk sun daɗe suna wannan aiki.

Sauran kayan su ne ashana a cikin leda, da ɗan gawayi, da tocila, da rediyo mai batir ko mai cajin hasken rana, da sabulu, da gidan sauro. Akwai kuma tanadin da shi kansa bala'i ne: ajiye fetur a ɗakin kwana ya ƙone gidaje da yawa, hura gawayi ko tayar da janareta a rufaffen ɗaki kuma yana kashe mutane cikin barci.

Guzurin Gudu

Tanadi na biyu jaka ce guda ɗaya wadda mace za ta iya ɗauka da goyo a bayanta, a rataye ta kusa da ƙofa, kowa a gidan ya san wurinta. Abu na farko da za a sa a ciki takardu ne, a naɗe cikin leda ruɓi biyu: takardar gida ko fili ko gona, da takardun makaranta, da katin ɗan ƙasa, da katin asibiti, da na rigakafin yara. Tufafi da tukwane ana sake saye, amma wanda ya rasa takardar fili yana iya shekaru yana shari'a, ɗalibin da ya rasa takardun shaidarsa kuma ya san irin zirga-zirgar da ke gabansa. Yana da kyau a ɗauki hotonsu da waya a aika wa wani ɗan'uwa amintacce da ke wani gari.

Na biyu magani. Mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai asma, da mai farfaɗiya, da mai sikila, kowannensu yankewar magani na 'yan kwanaki yana iya jefa shi cikin hatsari, saboda haka a ware na mako guda a sa a jaka, a riƙa sauya shi kafin wa'adinsa ya cika. Na uku kuɗi a hannu, ƙananan takardu, ko da na mota ne da abincin kwana biyu. Na huɗu lambobin wayar dangi a rubuce a takarda, domin mutane da yawa ba su haddace ko lambar matansu ba, in waya ta faɗa ruwa shi ke nan. Sa'an nan gorar ruwa, da ɗan abin ci, da tocila, da zane ko bargo, da kayan jariri in akwai shi, da abin da mata ke bukata na al'adarsu.

Gaskiya ce cewa irin ruwan da ya auka wa Mokwa ba ya ba mutum damar ɗaukar ko takalmi. Wannan ya nuna cewa akwai wani tanadi da ba a sa shi a jaka, watau shawara tsakanin mutanen gida tun ana zaune lafiya. Wane tudu za a nufa, ta wace hanya? Wa zai ɗauki tsoho, wa zai kama hannun wane yaro? In an rabu, a gidan wa za a haɗu? In kuwa hukuma ko masu lura da kogi sun ce a tashi, to a tashi da rana ido na ganin ido, kada a jira dare. Dukiyar da mutum ya tsaya gadi ba ta kai ransa ba.

Hujjojin Masu Ja

Hujja ta farko, kuma mafi ƙarfi, ita ce talauci. Za a ce mutumin da yake hannu baka hannu ƙwarya, wanda bai san abin da za a ci da dare ba, ina ya ga na ajiya? Wannan magana ba abin rainawa ba ce, kuma ba daidai ba ne mai albashi ya zauna yana yi wa mai tura baro wa'azin tattali. Amma in an duba za a ga rabin abin da aka lissafa ba ya cin ko kwabo: naɗe takardu a leda, da rubuta lambobi, da cika jarka, da sanin hanyar tudu. Hatsi kuma akwai tsohuwar dabarar mata ta ɗibar ɗan kaɗan daga awon kullum a zuba a wata tukunya. Gwangwanin madara ɗaya a rana, in wata ya cika ya zama talatin. Har ila yau, talaka shi ya fi kowa bukatar wannan, domin shi ne gidansa ke bakin kwari, shi ne ba shi da motar gudu ko kuɗin masauki, shi ne kuma in ya rasa bai san ranar da zai mayar ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Hujja ta biyu ita ce ta masu ganin tanadi rashin tawakkali ne, ko ma kiran tsiya da baki. Malamai sun daɗe da amsa wannan. Labarin Annabi Yusuf, tsira da aminci su tabbata a gare shi, labari ne na tanadin shekara bakwai na wadata domin shekara bakwai na fari, har da shawarar barin hatsi a zangarniyarsa, kamar dai yadda manomin ƙasar Hausa yake yi. Ya kuma inganta cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara, ya kuma umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya dogara ga Allah. Wanda ya haƙa rijiya bai kira ƙishirwa ba.

Hujja ta uku ita ce tsoron kada tanadi ya zama ɓoye abinci. Bambancin a fili yake. Mai ɓoye abinci yana saye ne lokacin ƙunci, ya kulle, don farashi ya hau ya sayar. Mai tanadi yana saye lokacin yalwa, daidai cikin iyalinsa, kuma ranar ƙunci ba ya cikin masu turereniya a kasuwa, watau ya rage wa sauran jama'a matsi ke nan.

Hujja ta huɗu ita ce cewa wannan aikin hukuma ne. Babu shakka gyaran madatsu, da yashe magudanai, da hana gini a hanyar ruwa, da kai agaji, duk nauyin hukuma ne, kuma tanadin magidanci bai sauke mata ko ɗaya ba. An kafa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa tun 1999, jihohi ma suna da nasu. Amma ko hukumar da ta fi kowace ƙwazo ba ta iya kai buhu ga gidaje dubu ɗari a yini ɗaya ta kan gadar da ta karye. Tsakanin aukuwar abu da isowar taimako akwai kwanaki, kuma a cikinsu ne jariri da tsoho suke galabaita. Tarihi ma ya nuna cewa tanadin da aka ɗora wa mutane daga sama ba ya kama zuciyarsu. A ƙasar Nijar, bayan yunwar 1931, Faransawa sun tilasta wa talakawa zuba hatsi a rumbunan ajiya, jama'a kuwa suka ƙi jinin abin, domin ba su ke da ikon buɗewa ba. Tanadin da yake ɗorewa shi ne wanda mai shi ya yi da kansa, ya kuma san amfaninsa.

Aikin Unguwa da Aikin Ɗalibi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kowace unguwa akwai gwauruwa mai marayu, da makaho, da tsohon da 'ya'yansa suke nesa, da makarantar allo mai almajirai da yawa waɗanda abincinsu yake gidajen maƙwabta. Ranar da maƙwabtan suka gudu, su wa ya tuna da su? Ya kamata mai unguwa da limami da ƙungiyoyin matasa su san waɗannan gidaje ɗaya bayan ɗaya tun kafin damina. Matan da suke adashin biki suna iya yin adashin hatsi da kaka, kowace ta kwashi buhu in zagayenta ya zo. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen da suka san gayya.

Ɗaliban Hausa kuma suna da nasu kason. Kowace shekara Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya tana fitar da hasashen damina, hukumar da ke lura da koguna ita ma tana bayyana ƙananan hukumomin da ambaliya ke yi wa barazana. Amma gargaɗin da aka rubuta da Turancin masana, ko aka fassara shi da Hausar da ba a yi a kasuwa, bai kai ga wanda aka yi dominsa ba. Manomin bakin kogin Haɗeja yana bukatar a gaya masa da harshen da ya sani cewa ruwa yana iya kai wa wuri kaza a wata kaza, ga kuma abin da zai yi. Fassara irin wannan, da tsara ta don rediyo da huɗuba da wasan kwaikwayo, aiki ne na wanda ya karanci harshe. Haka kuma tattara ilmin tsofaffi game da ginin rumbu, da adana iri, da tsirran da ake ci lokacin yunwa da yadda ake cire musu ɗaci ko dafi, kafin masu wannan ilmi su ƙare. Ga batutuwan kundin digiri nan birjik ga mai neman abin da zai amfani jama'a.

Kammalawa

An nuna cewa tanadi tsohuwar ɗabi'a ce ta Bahaushe wadda zaman birni ya raunana, cewa bala'in wannan zamani yana bukatar tanadin zama da na tafiya duka biyu, kuma talauci da tawakkali da nauyin hukuma ba su kawar da wannan wajibi ba. Mutanen Maiduguri da na Mokwa da na Haɗeja ba su fi kowa zunubi ko sakaci ba. Abin da ya same su yana iya samun duk garin da ke da kogi ko kwari ko madatsa a kusa, kuma garuruwan da ba su da ɗaya daga ciki kaɗan ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Lokacin sayen hatsi kaka ce, lokacin duba jaka da jarka kuwa bazara, kafin hadarin farko ya haɗu a gabas. Allah ya kiyashe da jama'a, ya kuma ba magidanta ikon yin abin da ya rataya a wuyansu.